Ba a Aron Rago a Gonar Zinariya

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Ta uku ke nan. Cikin kwana tara tunkiya ta uku ta yi ɓari, kuma ba kowace tunkiya ba, Mai Kunne, wadda ban taɓa ganin ta haifi ƙasa da biyu ba. Saura wata guda ta sauka. Da na isa gona Isyaku ya riga ya binne 'ya'yan a bayan rumfa, yana wanke hannu a bakin rijiya. Na tambaye shi me ya gani, ya ce ƙaddara. Na ce ƙaddara na san ta tun kafin a yi maka kaciya, abin da idonka ya gani nake tambaya. Sai ya ce bai ga komai ba.

Na ɗauko littafin nan ne don ba ni da wanda zan faɗa wa. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a firamare, na saba in abu ya dame ni in rubuta shi in zauna in dube shi. Da na yi ritaya, ni da maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, muka kafa gonar nan a bayan Kademi. Tumakin Balami zalla, farare tas, masu dogon kunne da lanƙwasasshen hanci. Mu ba ragon layya muke sayarwa ba, iri muke sayarwa. Mutum ya zo daga Wudil ko Dutse ya ɗauki ɗan rago ya saka cikin tumakinsa, shekara biyu ya ga nama ya hau garkensa. Duk arzikinmu shi ne a ce irin gonar Zinariya mai tsabta ne.

Isyaku ƙanin Malam ne, ciki ɗaya. Shekara tara shi ke kula da garken, kuma ko maƙiyi ba zai ce ya taɓa ɗaukar tsinke ba. A garin nan in mutum zai sayi dabba, Isyaku yake kira ya duba masa haƙori, don an san ba ya rufa wa mai sayarwa asiri. Amma shirunsa na yau bai yi mini ba.

Ƙarshen watan nan Alhaji Mudassir, shugaban ƙungiyar masu kiwo ta Gaya, zai zo ɗaukar 'yan raguna shida da za a raba wa mutanensa. Allah ya sa kafin nan abin ya tsaya. Ina zargin dusar nan da aka kawo daga sabon inji.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Na sa an zubar da dusar duka. Isyaku ya ce lafiyarta ƙalau, na ce ba shi na tambaya ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Ta huɗu. Ashe ba dusa ba ce.

Hanne matar Isyaku ta shigo yi mini jaje, har da ɗan kwanon dambu. Ta zauna tana ta Allah ya tsayar, Allah ya mayar da alheri, ni kuwa ina kallon bakinta. Me ya kawo ta? Hanne da sai ta yi wata ba ta leƙo ni ba?

Na san abin da ke zuciyarta, ai ban manta ba. A garin nan in kana da rago mai kyau, maƙwabta sukan jawo tumakinsu su kawo masa barbara, ba a biya, ba a hanawa, haka aka taso aka gani. Ni na hana. Na sa aka rubuta allo aka kafa a ƙofar gona: BA A ARON RAGO. Tunkiyar waje ba ta shigowa, uban garkenmu, Janar, ba ya fita. Mai unguwa ya aiko, na ba shi haƙuri. Liman ya aiko, na ba shi haƙuri. Hanne tana da tumaki biyu 'yan ƙasa, sau uku tana roƙona a haɗa su da Janar, sau uku ina ce mata doka ba ta san dangi ba. Ran na ukun ta ce to Yaya, ta tashi, tun daga nan ba ta ƙara ba.

Mutanen da na hana suna da yawa. Kowannensu yau zai ji daɗi. Ban ci dambun ba, na ba kaji.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Na duba rijiya, na duba komin ruwa, na kwance damin harawa uku ina shinshinawa kamar wata akuya. Ba komai. Na buga wa likitar dabbobi waya, ta ce sai Litinin.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Magariba

Likita Surayya ta zo daga Gaya a kan babur, yarinya ce amma ta san aikinta. Ta saka safar hannu, ta yi wa Isyaku faɗa da ta ji da hannu tsirara yake binne ɓarin. Ta ɗebi jinin tumaki goma sha biyar. Sannan ta ce a riƙe mata Janar. Ta durƙusa ta daɗe tana lalubar marainansa, ta ce ɗaya ya kumbura, ya yi tauri. Ta ce tana zaton ciwon nan ne da Fulani ke kira bakkale, amma sai jini ya dawo. Ta ce ba daga abinci yake zuwa ba, dabba ce ke kawo wa dabba, kuma hanyarsa mafi sauƙi ita ce barbara.

Sai ta miƙe ta cire safar, ta tambaya ko an sayo sabuwar dabba bana. Na ce a'a. Ta ce ko tunkiyar waje ta shigo, ko ragon ya fita, ko da na yini ɗaya ne, wajen wata huɗu ko biyar da suka wuce.

Isyaku yana kallon ƙasa.

Na ce, "Ba da sanina ba."

Likita ta juya ta kalli Isyaku. Ta ɗan jima tana kallonsa, sannan ta rufe jakarta. Ni ban kalli kowa ba, allon ƙofa nake kallo, fentinsa ya fara ɓarewa.

Abin da ya faru bayan ƙaramar Sallah ba ya cikin wannan zancen, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan Asuba

Kwana uku ne kacal. Kwana uku ba sa yin wannan ɓarnar.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan La'asar

Yau na zaga shinge da kaina, taku taku. Can baya, wajen da ya kalli gidan Isyaku, na tarar da ɓaraka. Waya ta saki daga ƙasa, tunkiya za ta iya kutsowa in an danna mata kai. Na durƙusa na ɗaga wayar na duba. To ga shi nan. Ga hanya, ga gidansa taku arba'in, ga matar da ta yi shekaru tana kwaɗayin Janar.

Na biya gidan da sunan mayar da kwano. Ga ɗan tunkiyar Hanne a turke, fari, ƙafafu dogaye. Kunnen ba irin namu ba ne sosai, amma kuma ba na 'yan ƙasa ba ne sak. Na tambaye ta ubansa, ta ce rugar Fulanin da ke gabas ta kai uwar. Ta faɗa ba tare da ta ƙifta ido ba. Mai gaskiya ma yakan ɗan yi jim kafin ya amsa, ita kamar ta haddace.

Da yamma Alhaji Mudassir ya kira, labari ya kai masa. Ya ce Malama, yaya aka yi ciwo ya shiga gonar da ko ƙuda sai ya nemi izini? Na ce ana bincike. Na ce na dai tarar da ɓaraka a shinge ta bayan gidan Isyaku. Iyakar abin da na ce ke nan, ban ce wani ya yi wani abu ba. Ya ce ikon Allah, mutum ba a gama saninsa.

Ban ambaci laifin kowa ba. In shi ya fahimci wani abu, shi ya jiyo.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Na je suna gidan Adama mai ƙosai. Ina shiga tsakar gida hira ta ɗauke ɗif, sannan aka dawo da ita da sannu Malama, sannu da haƙuri, ɗan'uwa ne ke cin mutum. Wata ta ce wai an daɗe da sanin Isyaku yana shigar da tumakin mutane in na tafi Kano. Wata ta ce har daga wasu garuruwa ake kawo masa. Wallahi ban san inda suka samo wannan ba, ni ɓaraka kawai na ce.

Na ce a bar zancen, ba a tabbatar ba. Amma a hankali na faɗa, ban jin wadda ke kusa da ni ma ta ji.

Hanne tana can gefen murhu tana kwashe tuwo. Ba wadda ta zauna kusa da ita.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan Azahar

Ta biyar da ta shida, dare ɗaya. Da safe na tarar Isyaku ya gama haƙa, da safar da likita ta bari a hannunsa.

Ya gyara ɓarakar. Bai ce mini zai gyara ba, bai ce ya gyara ba. Ya gaishe ni yadda ya saba, Yaya ina kwana, ya gajiya, ya ɗauki bokiti ya wuce. Na ji an ce jiya Anas mai shayi ya ƙi karɓar hannunsa, kuma wani da ya yi alkawarin tafiya da shi kasuwa duba shanu ya tafi da wani daban. Alhaji ma, da ya ce shi zai damƙa wa sabon garken ƙungiya, an ce ya fasa. Duk wannan, mutumin nan ko uffan.

Shirun nan shi ke ci mini rai. Wanda aka yi wa ƙazafi yakan yi tsalle, ya yi rantsuwa, ya tara mutane. Shi kuwa kamar ba da shi ake ba. Ko dai yana da laifin, ko kuwa akwai abin da ya sani yake jiran rana. Na rasa wanda ya fi tayar mini da hankali cikin biyun.

Ai ba ya nan a lokacin. Yana Haɗejia shi da Hanne wajen jinyar babanta, kwana biyar cur. Ba ya nan.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Ba ya nan. Na sake lissafa kwanakin, ba ya nan.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan Magariba

Na je Ajingi gaida Kawu Badaru. Gaisuwa ce kawai, an daɗe ban je ba.

Wanda bai san Kawu ba ba zai gane ba. Ƙanin mahaifiyata ne. Da babanmu ya rasu shi ya ɗauke ni, shi ya kai ni makaranta a bayan kekensa lokacin da duk dangi ke cewa ɓata lokaci ne. Gyaɗarsa ya sayar ya saya mini akwatin kwana. Yanzu ya haura tamanin, ido ɗaya ya tafi, ba abin da ya rage masa sai tumakinsa biyar da yake zama a cikinsu yana hira da su. Shekara nawa yana ce mini, Zinariya, kafin in mutu dai in ga ɗan Balami a turkena.

Na same shi a ƙarƙashin dalbejiya. Muka gaisa, na ce bari in leƙa tumaki. Uku na gani. Na tambayi sauran, ya ce ɗaya ta yi ɓari ta bi ɗan, ɗaya kuma ya sayar, dama ita tun bara take zubarwa, tun da ya sayo ta wajen wasu baƙi a kasuwa. Tun bara! Na ce Kawu, me ya sa ba ka gaya mini ba a lokacin? Ya ce ai ɓari ba ciwo ba ne, iska ce.

Sai ya kama hannuna yana sa mini albarka. Ya ce ban san irin ladan da na samu ba. Ya ce ai da baƙon nan ya sauka, ba yadda za a yi ya rufe ƙofa, ya ci shi kaɗai a ce masa me? Maƙwabta suka yi ta jawowa, har daga unguwar gaba. Ya ce shi da kansa ya ƙirga tumaki ashirin da biyu cikin kwana ukun, har baƙon ya gaji ya daina tashi. Yana faɗa yana dariya, haƙoransa biyu a waje. Ya ce kuma in kwantar da hankalina, ya riƙe alkawari, kowa ya tambaya ce masa yake na wani abokinsa ne daga Kano.

Ashirin da biyu.

Na ce masa kaina ke ciwo, na yi sallama. Ya biyo ni har bakin titi da ƙullin gyaɗa. A mota wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini, na ce mata kwalli ne ya shiga idona.

Juma'a, 22 ga Agusta, da rana

Ban je gona ba.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Yau ma ban je ba. Amma fa ɓarakar nan gaskiya ce, ba ni na ƙirƙire ta ba. Wa ya san abin da ya bi ta cikinta? Likita da bakinta ba ta ce daga nan ne ko daga can ba. Abu yana iya zama biyu.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan La'asar

Jini ya dawo. Janar yana da shi, da tara cikin tumakin da aka gwada. Likita ta ce a ware su, a gwada sauran, kuma kada ko ɗan rago ɗaya ya fita da sunan iri sai ta ce. Janar kuwa sai yanka. Raguna shidan Alhaji sun sha ruwa, wannan na riga na haƙura da shi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne na gaba. Ta ce ba gonata kaɗai ba ce yanzu. Duk tunkiyar da Janar ya hau dole a nemo ta a gwada, in ba haka ba ciwon zai yi ta yawo gida gida, kuma yana kama mutane, musamman mata masu karɓar haihuwar dabba. Ta ce ta yi magana da Alhaji da mai unguwa, ran Alhamis za a zauna a zaure, Isyaku ya faɗi gidajen da ya yi wa alfarma.

Na ce in ya ce babu fa? Ta ce Malama, ragon nan bai sha ciwon a iska ba.

Talata, 26 ga Agusta, bayan La'asar

Hanne ta zo. Yau ba dambu, ba sallama mai tsawo, ba ta ma zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kwana huɗu mijinta bai ci abin kirki ba, ya daina zuwa majalisa, masallaci ma sai an tayar yake shiga ya tsaya a sahun baya. Ta ce ita an kira ta ɓarauniyar rago a wajen niƙa. Na ce to ni na aike su? Ta ce a'a.

Sannan ta ce, "Ya hana ni magana, Yaya, amma zan faɗi guda. Ya ce akwai abin da ya sani, kuma ko za a yanka shi ba zai buɗe baki a kan matar wansa ba."

Ta juya ta fita.

Na zauna, da farko haushi ne ya kama ni. Barazana ce wannan ko me? Aiko ta ya yi ta auna ni? Me ya sani, wa ya gaya masa, mai adaidaitan da ya kai Janar gidan Kawu ne, ko wani ya hango daga gona? Na yi ta jera mutane a kaina ina tuhumarsu ɗaya bayan ɗaya har aka kira La'asar. Da na idar da salla sai na tarar haushin ya tafi, abin da ya rage ba zan iya ba shi suna ba.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan Magariba

Na same shi yana zuba wa waɗanda aka ware angurya. Na ce Isyaku, ajiye kwanon nan. Ya ajiye. Na ce me ka sani? Ya daɗe yana goge hannu a rigarsa, sannan ya ce ran da ya dawo daga Haɗejia, tun daga ƙofa ya ga Janar ya zabge, ƙugunsa ya faɗa, kuma da ya ɗaga kunnensa ya ga kaska biyu. Ya ce garkenmu ya shekara shida ba kaska. Ya cire su ya ƙone, ya yi masa wanka, ya yi shiru. Ya ce bai san ina aka kai shi ba, bai kuma tambaya ba, amma mutum ɗaya ne a duniya zai roƙe ni in kasa hanawa.

Wata huɗu da rabi yana sane. Kullum yana gaishe ni.

Na ce gobe me za ka ce musu?

Ya ce, "Zan ce ban shigar da tunkiyar kowa ba."

Na ce ba za su yarda ba, za su ce kai ne.

Ya ce, "Ai sun riga sun ce, Yaya."

Ya ɗauki kwanonsa ya ci gaba da zubawa. Na so in ce wani abu, wallahi na so. Sai na tuna mai unguwa, na tuna liman, na tuna allon nan da na kafa ina hura hanci, na tuna Kawu a tsakiyar gidaje ashirin da biyu ana nuna shi da yatsa. Na ce masa kada ya manta da kanwa a ruwansu, na taho gida.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan La'asar

An zauna da hantsi. Maza a zaure, ni da likita a kan tabarma ta ƙofar ciki, muna ganinsu suna ganinmu. Isyaku a tsakiya, ya cire hula ya riƙe. Alhaji Mudassir ya fara da taushi, ya ce ba hukunci aka zo yi ba, sunayen gidaje kawai ake so don a ceci dabbobin mutane. Isyaku ya ce bai shigar da tunkiyar kowa ba. Aka sake tambaya, ya sake faɗa. Wani daga baya ya ce to aljani ne ya kawo, aka yi 'yar dariya.

Ni ina zaune ina gyara mayafi. Har lokacin ina cewa a raina wataƙila a gaji a tashi.

Sai mai unguwa ya sa aka ɗauko Alƙur'ani. Ya ce abu mai sauƙi ne, Isyaku ya yi alwala ya dafa ya ce bai san ta inda ciwon nan ya shigo ba, shi ke nan a wanke shi, kowa ya kama gabansa. Da ce masa aka yi ya rantse bai shigar da tunkiya ba, da ya dafa. Amma bai sani ba aka ce. Na ga ya kalli littafin, ya kalli ƙasa, bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan rantse ba."

Zauren ya ɗauki salati. Alhaji ya girgiza kai ya ce shekara tara ana ba ka amana. Wani ya ce tir. Isyaku yana tsugune, yana murza hular nan kamar zai yaga ta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryar da nake tsawata wa 'yan aji shida da ita ce ta fito.

Na ce, "Ku rabu da shi. Ni ce. Ni na ba da aron Janar bayan ƙaramar Sallah, Isyaku yana Haɗejia. Kwana uku ya yi a Ajingi gidan Kawuna Badaru, tumaki ashirin da biyu aka kawo masa. Likita ta tambaye ni na ɓoye. Ɓarakar shinge kuma ni na kai wa Alhaji zancenta, ina sane da abin da zai ɗauka."

Likita ce ta fara magana, ta buɗe littafinta ta ce in ba ta kwatancen gidan Kawu. Mai unguwa ya dube ni ya ce Malama, ni fa kika mayar wa ɗan aike. Na ce haka ne. Alhaji ya tashi daga wurinsa ya je ya durƙusa gaban Isyaku ya kama hannunsa, Anas mai shayi ma ya matso. Isyaku ya karɓi hannun kowa, ya ce ba komai, ya mayar da hularsa, ya yi wa mai unguwa sallama ya fita. Ta gabana ya wuce.

Juma'a, 29 ga Agusta, da yamma

Likita ta je Ajingi. Kawu ya kira sau huɗu, a na biyar na ɗauka. Kuka yake yi, wai shi ya jawo mini. Na ce masa ba shi ba ne.

Isyaku bai zo gona ba. Na zuba musu harawa da kaina.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan Azahar

Ya zo da sassafe, da wuƙa da fartanya. Na ji sanyi a raina da na hango shi. Shi ya kwance Janar, ya shafa wuyansa ya yi masa magana a kunne, ya kai shi bayan rumfa ya yi yadda likita ta ce. Ban iya kallo ba. Ya haƙa rami mai zurfi, ya rufe, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa.

Sannan ya zo inda nake ya ciro makullin gona daga aljihu ya ajiye a bakin komi.

Na ce Isyaku, mene ne haka? Ai na faɗa, a gaban kowa na faɗa. Na ce ka yafe mini don darajar wanka da ke kabari.

Ya ce ya yafe tun kafin in roƙa. Ya ce aron ragon ma bai taɓa damunsa ba, da shi Kawu ya roƙa da ya bayar.

Na ce to me ya rage?

Ya ce, "Kwana goma sha bakwai, Yaya. Kullum da safe kina amsa gaisuwata, kina ganin yadda mutane ke kallona. Na yafe, amma ba zan iya ci gaba da gaishe ki a nan ba."

Ya ce Hanne za ta riƙa leƙo ni, zumunci yana nan. Ya ɗauki fartanyarsa ya bi ta ƙofa, ya ja mini ita a hankali.

Sai da rana ta yi zafi na tuna ba su ci ba. Na dama dusa ta yi ruwa, na ƙara ta yi kauri, na zuba musu a haka. Sun shinshina sun bar ta, sun taru a bakin ƙofa suna kuka, duk sun ba ni baya.